Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Riƙi Darasin Zane da Zayyana

Ɗalibin da ya kammala ƙaramar sakandare ya riga ya ɗanɗani zane a cikin darasin al'adu da fasaha, inda aka haɗa shi da kiɗa da wasan kwaikwayo, amma idan ya zaɓe shi a babbar sakandare zai tarar da darasi mai cin gashin kansa, mai tarihi da ƙa'idoji da jarrabawar WAEC da NECO a ƙarshen shekara ta uku. Mutane da yawa suna ɗauka cewa zane baiwa ce kawai, wanda aka ba shi ya samu, wanda ba a ba shi ba ya haƙura. Baiwa tana da nata gurbin, sai dai abin da ake koya a aji shi ne kallo, wato ido ya saba ganin abu yadda yake kafin hannu ya sa shi a takarda, kuma wannan horo ne da kowane mai naci zai iya samu.

Kayan farawa ba su da yawa, kuma bai kamata tsadar fenti ta hana kowa somawa ba. Ana buƙatar fensir iri uku: HB don shata layin farko, 2B don aiki na yau da kullum, da 4B ko 6B don inuwa mai duhu, domin gwargwadon girman lambar da ke gaban B, gwargwadon laushin fensirin da baƙinsa. A haɗa da magogi mai laushi, da reza ta fiƙe fensir, da rula, da littafin zane mai farar takarda marar layi. Gawayin murhu ma kayan aiki ne, musamman na itace mai laushi, kuma yana koya wa hannu sakin jiki fiye da fensir. Littafin zanen nan shi ne ginshiƙin komai. A rubuta kwanan wata a ƙasan kowane shafi, kada a yage shafin da bai yi kyau ba, kuma a ware masa ko da minti 20 ne kullum, domin zanen minti 20 na kowace rana ya fi zaman awa uku na ranar Asabar amfani nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki butar alwala, wadda babu gidan da ba ta. A ajiye ta a kan tabarma kusa da taga ko bakin ƙofa, yadda haske zai zo mata ta gefe guda, sannan a zauna wuri ɗaya kada a sake. Kafin fensir ya taɓa takarda, a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a daidaita bakin fensirin da saman butar, a sa babban yatsa daidai gindinta. Wannan shi ne tsayinta. Sai a kwantar da fensirin a ga faɗinta kashi nawa ne na wannan tsayi. Da wannan awo za a shata akwati mai sauƙin layi a takarda, a zana butar a cikinsa. Nan ne kusan kowane sabon ɗalibi yake tuntuɓe, domin kansa ya san bakin buta da'ira ne, sai ya zana cikakkiyar da'ira, alhali daga inda yake zaune abin da idonsa yake gani da'ira ce da ta matse ta yi kamar ƙwai a kwance. Haka gindin butar, ba miƙaƙƙen layi ba ne, yana lanƙwasa ƙasa kaɗan. A duba kuma ramin da ke tsakanin mariƙi da jikin butar, a zana siffar wannan fili da kansa, domin idan filin ya fita daidai, mariƙin ma ya fita.

Sai an gama wannan ake shiga inuwa. A ƙanƙance ido a dubi butar, za a ga ta rabu aƙalla gida huɗu: wurin da haske ya buga ya yi ƙyalli, wanda za a bar shi farar takarda, da tsaka-tsaki, da gefen duhu, da inuwar da ta faɗi a kan tabarma, wadda ta fi duhu daidai inda gindi ya taɓa ƙasa. Akwai wani abu da sai mai haƙuri yake lura da shi: can ƙarshen gefen duhu akwai ɗan haske da ke dawowa daga tabarma ko bango, kuma wannan ɗan hasken ne yake sa buta ta yi kama da abin da za a iya ɗauka da hannu. Kada a murza inuwa da yatsa, domin maiƙon hannu yana ɓata takarda. A jera layuka kusa da juna, a ƙara wasu a gicciye inda ake son duhu. Bayan buta sai a koma ƙwarya da ludayi, da takalmi, da reshen darbejiya, da albasar da aka raba biyu, daga nan a haɗa abu uku wuri guda a koyi yadda na gaba yake tare na baya, da yadda na nesa yake ƙanƙancewa.

Batun launi yana da sauƙin haddacewa, amma sai an haɗa da hannu ake gane shi. Ja da rawaya da shuɗi su ne tushe. Rawaya da shuɗi suna ba da kore, ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, ja da shuɗi suna ba da shunayya. Ƙaramin kwalin fentin ruwa da buroshi biyu sun isa. A fara da launi mai haske a riƙa ƙara mai duhu kaɗan-kaɗan, kuma idan launi ya yi kaifi da yawa a rage shi da ɗigon kishiyarsa, kamar ɗigon kore a cikin ja, maimakon a zuba baƙi wanda yake kashe shi.

Ɓangaren zayyana, wato tsara alamomi da haruffa da adon yadi, shi ne inda ɗan ƙasar Hausa yake da jari mai yawa, kuma abin takaici ne ganin ɗalibi yana kwafar fure daga waya alhali ya wuce dagi a jikin ƙofar wani zaure a hanyarsa ta makaranta. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, da ɗinkin hula, da sassaƙar ƙwarya, da aikin dukawa a jikin jaka da titimi, da zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, da ƙunshin da ake yi wa amare, duk darussa ne na maimaici da daidaito da rabon fili, waɗanda su ne ƙa'idojin da littafin aji yake bayani. Ɗaliba mai iya zanen lalle ta riga ta san yadda ake cike fili ba tare da cunkoso ba, abin da ya rage mata shi ne ta koyi sa shi a takarda da awo. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki littafin zane a je wurin masu sana'a, a gaishe su, a nemi izini, a zauna a kwafi abin da suke yi, a kuma tambayi sunan kowane ado. Wanda yake Kano yana da marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, inda zai ga yadda ake ɗaure yadi da zare kafin a tsoma shi a karofi, da yadda yadin yake fitowa da ɗan kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi, yana kuma da gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama. Wanda yake Zariya yana da adon bangon cikin birni da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Idan an dawo gida, sai a ciro ado guda daga cikin abin da aka kwafo, a sauƙaƙa shi, a raba takarda gida-gida da rula, a maimaita shi a kowane gida, wani sa'in a juya shi ko a sauya launinsa. Ana iya sassaƙa shi a jikin rabin dankali ko rogo, a shafa fenti, a buga a kan tsohon farin yadi. Haruffa kuwa suna son a ja layin sama da na ƙasa kafin a fara, a kuma ƙirga su a raba musu fili, domin kuskuren da ya fi yawa a allon talla na ɗalibai shi ne haruffan farko su yi ƙiba, na ƙarshe su matse a bakin takarda.

Akwai iyaye da ɗalibai da suke da damuwa ta addini game da zana abu mai rai, kuma damuwa ce da ta cancanci a saurare ta da mutunci. Ya kamata ɗalibi ya tattauna da iyayensa da malaminsa na addini, ya kuma sanar da malamin zane tun daga aji ɗaya. Fagen yana da faɗi: adon yadi, da tukwane, da tsara haruffa, da zanen tsirrai da gine-gine duk suna cikinsa, kuma takardar jarrabawar zane ta WAEC takan ba da zaɓi tsakanin kayan da aka jera, da tsiro ko makamancinsa, da mutum.

Ɗalibai masu hannu mai kyau sukan yi sakaci da ɓangaren rubutu, nan kuma maki yake zubewa. Dole a san fasahar Nok ta gasasshen yumɓu, wadda aka gano wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna ta yau, da kayan tagulla na Igbo-Ukwu da Ife da Benin, da kwashe kayan fadar Benin da sojojin Ingila suka yi a 1897. A san Aina Onabolu, wanda ya yi fafutukar shigar da zane cikin makarantun Legas, da Kenneth Murray da ya zo koyarwa a 1927, da ɗalibinsa Ben Enwonwu. A san ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a kwalejin Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage a kan haɗa dabarun da aka koya musu da adon gargajiyar garuruwansu. A san Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja, a 1954, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Hanyar riƙe waɗannan ita ce a zana ƙaramin hoton kowane aiki a littafi, a rubuta kayan da aka yi shi da su, da wurinsa, da zamaninsa a gefe, a kuma nemi tambayoyin shekarun baya a amsa su a rubuce.

Tun daga aji biyu ya kamata a fara gwaji da agogo, domin ɗalibai da yawa sukan ƙare lokacinsu a kusurwa guda ta zane su bar sauran takardar fayau. A ɗakin jarrabawa a shata dukan hoton da layi mai sauƙi, ya cika takardar, a duba awo, sannan a shiga inuwa a ko'ina a tare, a bar ƙananan bayanai zuwa ƙarshe. A tafi da fensira da aka riga aka fiƙe, da tsumma, da farar takardar da za a ɗora hannu a kai.

Duk aikin da aka gama a adana shi a kwance tsakanin faffaɗan kwali biyu, nesa da danshin damina da gara, a kuma ɗauki hotonsa da waya a hasken safe. Wanda yake son ci gaba zai buƙaci wannan tarin, ko don nuna wa malamai ko don neman aiki wurin masu buga takardu da masu ɗinki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zane da sashen ƙirar masana'antu, inda ake karanta yadi da tukwane da zayyanar bugu, kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da dama ma suna da irin waɗannan sassa. Tun a aji biyu a buɗe kundin JAMB a duba darussan da kowane kwas yake nema, a gwada su da waɗanda aka yi rajista, domin a gyara abin da ke buƙatar gyara kafin makaranta ta tura sunaye zuwa WAEC.