Zazzaɓi da ƙuraje bayan cizon ƙwaro: inda sababbin ma'aikatan lafiya ke tuntuɓe

Na gaji da ganin yaranmu suna rubuta maleriya tun majiyyaci bai gama zama ba. Maleriya ba kasafai take fitar da ƙuraje ba. Ko da gwaji ya nuna ta, in akwai ƙuraje sai a ci gaba da bincike, don da damina mutum kan ɗauki ƙwayar alhali wani abu daban ne ya kwantar da shi.

Ni ma na sha wannan kunyar. Wani makiyayi ya zo mini jiki rau, kai na sara, ga ƙuraje har tafin hannu. Sau biyu ina ɗura masa maganin maleriya, da ya ƙi na koma taifot. Kwana goma bawan Allah na wahala! Wata tsohuwar nas ce ta ce: "Malam, ka sa ya tuɓe kuwa?" Wallahi ban sa ba. Ana ɗaga hannunsa sai ga baƙin ɓawon ciwo a hammata kamar ƙunar taba, ga kaluluwa. Cizon kaska ne. Da aka ba shi doksisaikilin, kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Tun ranar nake duba hammata, matsematsi, bayan gwiwa da cikin gashi. Ku kuwa kunya ke hana ku, sai ku leƙa wuyan riga ku ce kun duba. Wace irin dubawa ce wannan?

Sannan a daina ba mai irin wannan zazzaɓi asfirin ko ibuprofen. In denge ce, wato wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, suna iya jawo zubar jini. Kada ma ku ce babu ita a nan, an tabbatar da ita a Sakkwato a Nuwamban 2023. Sauronta da rana yake cizo, don haka kwana a gidan sauro bai kore ta ba. Ni farasitamol nake bayarwa, kuma ranar da zafin ya faɗi na fi sa ido, don a nan haɗarinta yake.

In gaɓoɓi sun riƙe mutum ya kasa miƙewa, ku tuna cikungunya, ita ma cutar sauro ce, wadda ta addabi Abeche ta Chadi a 2020.

Tambayi maganin da ya sha, Septrin da Fansidar na fesar da ƙuraje. Gwajin Widal na taifot shi kaɗai ba hujja ba ne.

Danna tambulan na gilashi a kan ƙurajen, ka duba ta cikinsa. In ba su dushe ba, musamman ga wuya ya sanƙare, a garzaya da shi babban asibiti nan take.