Kurakuran da aka fi yi idan hannu ya fara karkarwa

Wanda hannunsa ya fara karkarwa, abin da ya fi yi da farko shi ne ɓoyewa. Ya cusa hannun a aljihu, ya daina rubutu a gaban mutane, 'yan gida kuma su ce ai tsufa ne. A haka ake cinye shekaru ba a je asibiti ba, alhali karkarwa tana da dalilai da likita ke iya ganowa, wasunsu ma idan an magance su sai ta tafi gaba ɗaya.

Wasu kuma da sun ga hannu na rawa sai su yanke cewa cutar Parkinson ce. Amma wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba ita ce karkarwar da ke yawan bin dangi, ko da yake ba kowa ne ya gaje ta ba. Lokacin da rawar ke zuwa shi ke taimakawa wajen bambanta su. Ta Parkinson ta fi tashi idan hannu na kwance a cinya ba ya komai, galibi daga gefe ɗaya take farawa, babban yatsa da manuni suna motsi kamar mai murza ƙwaya, kuma tana lafawa idan mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu. Ta gado kuwa sai an ɗaga kofi ko cokali ko alƙalami take bayyana, a hannu biyu, wani lokaci har kai da murya.

Tun 1817 da James Parkinson ya bayyana cutar a Landan, daga mutum shida da ya lura da su, sunanta ya manne da karkarwa. Sai dai abin da likita ya fi nema shi ne nawar motsi: rubutu ya ƙanƙance, hannu ɗaya ya daina lilo yayin tafiya, fuska ta daskare, murya ta yi ƙasa. Akwai masu cutar da ba sa karkarwa ko kaɗan. Rasa jin ƙamshi, taurin bayan gida da kai naushi cikin mafarki na iya rigan komai da shekaru, don haka a faɗa wa likita su. Ina ba da shawarar a ɗauki bidiyon hannun da waya a gida, yana hutawa da kuma yana aiki, domin sau da yawa a gaban likita sai rawar ta ɓuya. Kuma kada a ɗora rai a kan hoton ƙwaƙwalwa. Ana yin sa ne musamman don kawar da shakkar wasu cututtuka, duban da likitan jijiyoyi ke yi wa mutum da idonsa da hannunsa shi ne ginshiƙi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne zuwa asibiti ba tare da magungunan da ake sha ba. Metoclopramide na tsayar da amai, haloperidol da chlorpromazine na taɓin hankali, suna iya haifar da alamun da suka yi kama da Parkinson sak. Valproate na farfaɗiya, lithium na taɓin hankali, da salbutamol na masu asma suna sa hannu rawa. Haka yawan shan kofi, faɗuwar sukari, da halittar maƙogwaro da ake kira tayiroid idan ta yi aiki fiye da kima, wadda gwajin jini ke nunawa. A kwashe kwalayen duka a jaka a tafi da su. Idan mai karkarwar bai kai shekara 40 ba, a tambayi likita batun cutar Wilson, inda sinadarin tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, domin tana da magani idan an gano ta da wuri.

Sai maganar levodopa, maganin da ke cike gurbin sinadarin dopamine da ƙwaƙwalwar mai Parkinson ta rage samarwa. Mutane na jinkirta fara shi don tsoron kada ya “ƙare”, su zauna cikin wahalar da ba dole ba. Cutar ce ke ci gaba, jinkirin ba ya tsayar da ita. Bayan an fara, agogo ne komai. “Sau uku a rana” ba yana nufin duk sanda aka tuna ba, a sa ƙararrawa a waya. Nama, ƙwai, madara da wake suna rage shigar maganin jiki ga wasu, shi ya sa ake cewa a sha minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa. Kada a yanke shi farat ɗaya, ko da an kwantar da mutum a asibiti don wani ciwon, hakan na iya jawo sandarewar jiki da zazzaɓi mai haɗari. Masu shan wasu magungunan Parkinson, wato pramipexole ko ropinirole kuma, iyali su sa ido: caca, kashe kuɗi ba lissafi ko yawan sha'awa da suka zo kwatsam na iya zama aikin maganin, a gaya wa likita ba tare da jin kunya ba. Mai karkarwar gado ana ba shi propranolol ko primidone, amma mai asma ya sanar kafin a rubuta masa propranolol.

Akwai kuskuren da ƙauna ke sawa: “Baba, zauna, bari in yi maka.” Zaman yana ƙara taurin jiki da raunin ƙafa, ya kuma jawo baƙin ciki, wanda dama yakan zo tare da cutar kuma yana da magani. A bar shi ya ɓalle maɓallin rigarsa ko da zai ɗauki minti 5. Tafiya kullum da atisayen da ma'aikatan fisiyo ke koyarwa suna cikin magani. Kofi mai nauyi da aka cika rabi, da jingina gwiwar hannu a kan tebur, suna rage zubar ruwa. A ɗauke shimfiɗu masu santsi daga hanya, a sa haske tsakanin gado da banɗaki. Idan ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, kada a ja shi. A tsaya gefensa a ƙirga masa ɗaya, biyu, ko a sa ƙafa a gabansa a ce ya tsallake.