Kurakuran da kwalejoji ke tafkawa bayan korona, da yadda ake gyara su

Ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantu a duk faɗin Gana, ƙarshen watan kuma aka kulle Kumasi da Akra har mako uku. 'Yan ajin ƙarshe na manyan makarantu sun koma a watan Yuni, cikakkiyar komawar kowa kuwa sai Janairun 2021. A wannan tsakanin kowace kwaleji ta yi ta lalube, abin da hannu ya kai shi aka kama. Annobar ta lafa, amma gyaran da aka yi a gaggauce yana nan, an mayar da shi tsari ba tare da an sake duba shi ba.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi a nan guda ɗaya ne: ɗalibar da ke zaune a Aboabo ko Asawase a Kumasi, wayarta ɗaya, datarta ta sidi kaɗan ce, ɗakin da take karatu akwai ƙanne uku a ciki, wutar ECG kuma ba ta sallama idan za ta tafi. Duk tsarin da bai yi mata aiki ba, bai yi wa kwalejin aiki ba.

Ɗauko lakcar aji a zuba ta a Zoom yadda take

Wannan shi ne babban kuskure, kuma shi ya fi cin kuɗin ɗalibai. Malam yana da lakcar awa biyu, sai ya kunna kyamara ya yi awa biyun nan cur. Awa ɗaya ta bidiyo kai tsaye tana iya cinye rabin gigabait zuwa gigabait guda. A lissafa kwas shida a mako. Ɗalibi zai shiga, a kira sunansa, ya fita. Malam kuma ya ɗauka raini ne.

Gyaran shi ne a raba lakcar gida biyu. Bayani a naɗe shi tun kafin ranar aji, guntu-guntu, minti 10 zuwa 15 kowanne, batu ɗaya a kowane guntu. Idan ba a buƙatar ganin hannun malam yana lissafi ko zane, murya kaɗai ta wadatar: minti 15 na murya da aka matse a kilobit 32 bai kai megabait 4 ba, ana iya tura shi ko da netwok na rarrafe. A haɗa da takardar PDF wadda ba ta wuce megabait 2 ba, rubutunta manya, don a waya za a karanta ta. Shafin littafi da aka ɗauka a hoto aka tura a karkace azaba ce kawai. A ɗora komai kwana biyu kafin aji. Haɗuwar kai tsaye ta zama ta tambaya da amsa, minti 30 zuwa 40, kyamarori a kashe, sannan wani ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen abin da aka tattauna domin waɗanda wuta ko netwok ta yanke wa.

Kuɗin da za a zuba a kyamara, a sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Ɗalibi yana jure hoto mai duhu, amma ba ya jure muryar da fanka da ƙarar janareta suka danne.

Akwai wani tarko a nan. Idan kwaleji ta daidaita da kamfanin waya cewa shiga dandalinta na karatu ta intanet ba zai ci data ba, yarjejeniyar tana kan adireshin dandalin ne kaɗai. Malam ya ɗora bidiyonsa a YouTube ya liƙa mahaɗin a dandali, data za ta tafi kamar kullum, ɗalibi kuma ya ce an yaudare shi. Fayil ɗin kansa ake ɗorawa a dandalin.

Batun lokaci ma ana sakaci da shi. Da yake aji ya koma waya, sai wasu malamai suka ga ko yaushe ma lokaci ne: ƙarfe ɗayan ranar Juma'a, daidai magariba, ko dab da buɗa-baki a watan azumi. Jadawalin intanet jadawali ne, ofishin tsara darussa ya kamata ya fitar da shi.

Mayar da WhatsApp ajin karatu

Jami'ar Legon tana da dandalin karatu mai suna Sakai, jami'ar KNUST ta Kumasi ma tana da nata ajin intanet, kwalejoji da dama kuma suna da dandalin Moodle. Duk da haka za ka tarar aikin gida yana yawo a zauren WhatsApp, tsakanin barkwanci da tallar takalma. Wanda aka sace wa waya ya rasa karatun zango ɗungurungum. Dandali shi ne rumbu, komai a can yake zama. WhatsApp na sanarwa ne, wakilin aji da malam kaɗai ke rubutu, saƙon kuma gajere: an ɗora kaza, ranar miƙawa kaza. Kada kuma a tura makin ɗalibai da sunayensu a zaure. Ban da tozarci, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012.

Shi kuma ajin da rabi ke zaune a gaban malam rabi na kallo ta waya, in babu mutum na biyu da zai riƙa karanta tambayoyin na nesa yana maimaita na kusa a makirufo, a bar shi. Malami ɗaya ba ya kiwon garke biyu.

Rufe tagogi a sa na'urar sanyaya ɗaki

An gyara ɗakunan lakca da yawa bayan annoba, aka cire tagogin luba aka sa gilashi mai zamewa, aka rataya na'urar sanyi. Ɗaki ya yi kyau a hoto. Sai dai irin na'urar nan da ake kafawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska, wadda ke ciki take juyawa. Fanka ma haka, idan taga na rufe. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce lita 10 na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mutum. Ajin mutum 60 ke nan yana neman lita 600 a daƙiƙa, abin da ƙofa ɗaya a buɗe ba za ta bayar ba.

Ba sai an yi gardama a taro ba, aunawa ake yi. Ƙaramar na'urar auna iskar kabon da muke fitarwa ta isa. A ajiye ta daidai tsayin kan mai zaune, nesa da taga, kamar mita ɗaya daga mutane, a karanta bayan minti 30 da cikar aji. A waje tana nuna wajen 420. Ƙasa da 800 lafiya lau. Ta haura 1,500, ɗakin ya cika fiye da ƙarfin iskarsa: a buɗe tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, a rage mutane, ko a kafa fanka mai zuƙe iska a saman bangon baya. A bar minti 10 tsakanin aji da aji ɗakin ya sha iska. Da hunturu ƙura kan sa a rufe komai, to a bar layin luba na sama a buɗe. Ribar ba ta tsaya ga korona ba. Tarin fuka da mura ta iska suke bi, gyangyaɗin ƙarfe biyun rana ma ba duka laifin waake ba ne.

Bokitin Veronica, bokitin wanke hannu mai famfo wanda Veronica Bekoe ta ƙirƙira tun kafin korona, yau a makarantu da yawa ya koma gidan sauro, don an saye shi ba a ɗora wa kowa alhakinsa ba. Gara guda biyar masu ruwa da sabulu, a bakin makewayi da kantin abinci da wurin alwala, da guda talatin busassu. Na goge tebur da mariƙin ƙofa kuwa: bilic mai ƙarfin kashi 5, ma'auni ɗaya a ruwa ma'auni 49, a haɗa sabo kowace safiya domin ƙarfinsa na raguwa.

Sayen intanet a manta da wuta da bango

Kwaleji ta ƙara kuɗin intanet, ɗalibai na ta ƙorafi, shugaba na mamaki. Yawanci matsalar tana cikin gida. An kafa na'urar waifai ɗaya a baranda ana so ta ratsa bangon siminti uku. Kowane babban ɗaki yana buƙatar tasa a cikinsa, a manne a silin, kuma kada a sa ran guda ɗaya ta ɗauki fiye da waya 40 zuwa 50 ba tare da ta yi nauyi ba. Zauren mutum 200 na neman huɗu ko biyar.

Sai dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki. Wuta ta ɗauke, kafin janareta ya tashi rauta ta mutu, ta ɗauki mintoci kafin ta farfaɗo. Ɗakin na'urorin netwok ya kamata ya sami inbata tasa. Idan kayan ciki na jan wat 200, batirin bolt 12 mai amfiya-awa 200 zai riƙe su kusan awa biyar, in ana so batirin ya yi ƙarko ba a zuƙe shi fiye da rabi ba. A ƙara soket a laburare da ƙarƙashin rumfuna. Ɗalibin da ya taso daga Tafo da asuba ya sauka a Tech Junction kusa da KNUST, kafin azahar wayarsa ta mutu.

Jarrabawa

A ce ɗalibai dubu biyu su shiga dandali ƙarfe tara daidai, dandali ya faɗi, a wayi gari ana rigima. A raba su rukuni-rukuni da tazarar minti 15, a yi gwajin wasa mako guda kafin nan, a tabbatar amsa tana ajiyuwa da kanta, a kuma rubuta tun farko abin da za a yi wa wanda netwok ta yanke masa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, aikin gida na "rubuta shafi biyar" ya daina nuna ko wane ne ya iya. Minti biyar na tambayar baki a kan abin da ɗalibi ya miƙa sun fi manhajar kama satar amsa. Babbar jarrabawa ta zauna a zaure. Haka aikin hannu: ɗalibar jinya ba ta koyon allura a bidiyo, mai koyon wayarin ko koyarwa ma haka. Ranakun zuwa makaranta a cika su da ɗakin gwaji da bita, a tattara su wuri ɗaya, kada mutum ya biya kuɗin trotro sau biyu saboda darasin awa guda.

Ma'aikata

An ce wasu su riƙa aiki daga gida, fayilolin kuma suna cikin kabad a ofis. Ɗalibi ya zo neman takardar sakamako a ce masa "mai sa hannu bai shigo ba yau". Kafin a ba kowa ranar gida, a fara mayar da fom da fayil kwamfuta, a liƙa jadawalin masu zama a ƙofa, kowane tebur da ke hulɗa da ɗalibai kuma ya kasance da mutum kullum. Biyan kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ya sauƙaƙa layi, amma in ba a tilasta sa lambar ɗalibi a kowane biya ba, ofishin kuɗi zai kwana yana neman mai kuɗin. Malamin da ya naɗi darussa kuma a ƙirga masa awannin a cikin aikinsa, in ba haka ba sau ɗaya zai yi.

Abu na ƙarshe da kusan kowa ya watsar shi ne atisaye. A ware rana ɗaya a kowane zango, a mako na uku ko na huɗu, a yi duk darussa daga nesa. Washegari kowane wakilin aji ya kawo sunayen waɗanda ba su iya shiga ba da dalilinsu: ba waya, ba data, an manta kalmar sirri. Wannan jerin shi za a ba ofishin kula da ɗalibai, a san wa za a ara wa na'ura, wa za a buga wa takarda, tun kafin ambaliya, yajin aiki ko wata cutar ta sake rufe ƙofa.