Sababbin zuwa Riyadh, ku shirya wa sanyi tun kafin Disamba

Duk shekara in Nuwamba ta kama sai ka ga sababbin yara sun sauka daga Kano ko Yamai da jallabiya biyu da silifas, wai an ce musu Saudiyya wuta ce. Eh wuta ce, amma a Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke wuce digiri 43. Riyadh ba Jidda ba ce jama'a, babu teku kusa da ita, tana kan tudun Najdu kusan mita 600 sama da teku, iskarta a bushe take ƙayau kuma ba gajimaren da zai riƙe ɗumin rana, shi ya sa magariba na yi zafin yake guduwa. A Janairu da azahar za ka ga digiri 20 har ka cire suwaita, ka fito sallar asuba ka tarar da 8 ko 9, in kuma iskar arewa ta taso sai ya gangaro kusa da sifili. Hunturun Kano ƙanensa ne.

'Yan ƙasa suna da lissafinsu na lokutan sanyi kuma yana da kyau ku riƙe shi. Murabba'aniyya kwana 40 ce daga wajen 7 ga Disamba, sai Shabɗ daga tsakiyar Janairu, ita ce mai iska mai shiga ƙashi, sai Aƙarib a Fabrairu lokacin da garin ke fara sakewa. Kar ka ga rana ta yi daɗi ka naɗe bargo, akwai wanda suke kira bardul ajuz a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, shi ke kwantar da mutane da mura. Gaskiya ne ƙasar tana ƙara ɗumama, wata shekarar sanyin bai taka kara ya karya ba, to wanda ya zo a irin wannan shekarar shi ne ke yaudarar na bayansa da cewa ba komai. Ku tambayi waɗanda suka ga Janairun 2008 su ba ku labari. Wanda kuma kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwansa aiki, zai tura shi Ha'il ko Turaif ko Tabuk, can ma wani babi ne, a dutsen Lauz har ƙanƙara ke sauka.

Kaya ba matsala, ka je kasuwar Batha ka sayi bargo mai nauyi, safa, hular sanyi, da farwa, wato alkyabbar sanyi mai gashi a ciki, in aljihu ya yarda. Basilin kuma kar ya ƙare maka don leɓe da dugadugi tsagewa suke.

Inda ake shan wuya shi ne gida. Gidajen nan don zafi aka gina su, tayil ne a ƙasa, bango ba ya riƙe ɗumi, sau da yawa cikin ɗaki ya fi waje sanyi da hantsi. Sabon zuwa zai je duba shigga, wato gidan haya, ya ga esi na busa sanyi ya ce alhamdulillahi ya sa hannu, bai kunna hitar ruwa ya gani ba, bai duba ramin esin taga ba, wanda galibi akwai ɓaraka ta gefe da iska ke shigowa duk dare, bai tambaya ko esin mai zafi da sanyi ne ko sanyi kawai ba. Dan Allah ku buɗe famfo ku tsaya sai ruwan zafi ya fito da idonku. Akwai wani mai gida da na zauna a wajensa, hitar banɗaki ta mutu ana tsakiyar Murabba'aniyya, na kira shi ya ce bukra, wato gobe, insha Allah, mai gadin gidan ya ce ba aikinsa ba ne, dillalin da ya karɓi kuɗinsa kuwa ya daina ɗaga waya gaba ɗaya, haka muka riƙa dafa ruwa a tukunya ni da abokin zamana kafin asuba, daga ƙarshe da muka saya da kuɗinmu aka ce ai ba a rubuta za a cire daga haya ba. Saboda haka komai ya shiga yarjejeniyar Ejar, wato takardar haya da ake yi wa rajista a manhajar gwamnati, wa ke gyaran hita, wa ke gyaran esi, mitar wuta taka ce kai kaɗai ko haɗaka ce. In mai gida ya ce ku bar Ejar mu yi ta baki ai mu musulmi ne, ka gode masa ka kama gabanka, don ranar rigima takardar nan ce kawai za ta tsaya maka. Mitar haɗaka kuwa, in kowa ya kunna daffaya, wato hitar ɗumama ɗaki, bil ɗin zai zo ku yi ta cacar baki da maƙwabcin da ko yarensa ba ka ji.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne gawayi. Ana saya a kunna cikin ɗaki a rufe taga a kwanta. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta wari, mutum barci zai yi bai tashi ba, kuma hukumar kashe gobara tana gargaɗi a kai duk lokacin sanyi. Daffayar lantarki ma a kashe kafin barci, kar a shanya kaya a kanta, kar a jona ta a ƙaramin soket na araha. Lambar gaggawa a Riyadh 911.

Mu dai Hausawa ba a san mu da barin ɗan uwa ba, ɗalibanmu na Jami'ar Imam da ta Sarki Sa'ud in za su kammala bargunansu da hitocinsu na baya suke bar wa, kyauta. Amma sai ka yi magana, ba ka zauna kana rawar ɗari kana jin nauyi ba, har sai ƙirji ya kama a kwashe ka zuwa asibiti alhali igamarka, wato katin izinin zama, ba ta fito ba.

Ruwan sama kaɗan ne, ya fi zuwa Maris da Afrilu, amma in ya sauka ƙasar ba ta shanyewa, hanyoyin ƙarƙashin gada cika suke. In abokai sun ja ka kashta, wato fita shaƙatawa cikin sahara, a Sumama da ke wajen gari, kar a kafa tanti cikin kwari komai bushewarsa, kuma ka tafi da rigar sanyi biyu don sahara ta fi gari sanyi da dare. Bayan nan sai ƙura, masu asma su tanadi maganinsu da takunkumi tun Fabrairu.