Gembloux: abin da ɗan Maraɗi zai tarar a garin makarantar noma ta Beljik

Ƙannena da suka gama a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da suka samu gurbin masta ko doktora a Gembloux, tambayarsu ta farko kusan ɗaya ce: garin babba ne? Amsa ita ce a'a. Mutanen komin ɗin duka wajen 26,000 ne, alhali ƙidayar 2012 ta ba birnin Maraɗi sama da 260,000. Kuma ko wannan 26,000 ɗin kada ya ruɗe ku, don tun 1977 aka haɗe garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi ƙarƙashin magajin gari guda: Grand-Leez, Lonzée, Mazy, Ernage, Corroy-le-Château da sauransu. Tsakanin wannan ƙauye da wancan gonakin alkama ne da na gwozar sukari. Cikin garin kansa kuwa, da ƙafa za ku zagaye shi kafin shayi ya kai na uku.

A nan ne sabon zuwa yake fara faɗawa rami. Yana Maraɗi zai ga ɗaki mai araha a intanet, adireshi ya ce Gembloux, ya yi murna ya tura kuɗi. Sai ya iso ya tarar ɗakin yana wani ƙauye, bas ɗin kamfanin TEC ba ta yawan bi ta can da dare ko ran Lahadi, kuma babu kabu-kabun da zai ɗaga wa hannu. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, ga yayyafi mai sanyi da ba ya ƙarewa. Wanda aikin labo, wato ɗakin bincike, ya riƙe shi har bakwai zai gane kurensa. Ku nemi ɗaki, wanda can ake kira kot, tsakanin tashar jirgin ƙasa da makaranta, ko da ya ɗara tsada. Kada ku biya ko dala ɗaya sai wani da kuka yarda da shi ya je ya ga ɗakin da idonsa. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya, galibi na wata biyu, kuma ranar shiga za a rubuta halin da ɗakin yake ciki. Ku sa a rubuta kowane tabo da kowace tsaga, ku ɗauki hoto, domin da wannan takarda za a yi muku hisabi ranar fita.

Makarantar ita ce zuciyar garin. An kafa ta a 1860 cikin tsohon gidan ibadar fada-fada na Kirista, kuma har yau a cikin waɗannan gine-gine ake karatu. Tun 2009 ta zama reshen Jami'ar Liyej, abin da ya sa wasu ke zaton za su zauna a Liyej. A'a, Liyej tana da nisa, birnin da ke kusa da ku shi ne Namur. Ɗaliban ba su da yawa, shi ya sa malami kan riƙe sunanka da wuri, ya kuma lura in ba ka zo ba. Ana ba da maki bisa 20 kamar gida, amma jarrabawa a Janairu take da Yuni, kuma makonnin da ke gabanta kowa kulle kansa yake yi a ɗaki. A lokacin ko sallama da ƙyar za a amsa maka.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne yammacin Juma'a. Ɗaliban Beljik suna jan akwatunansu zuwa tasha, kowa ya tafi gidan iyayensa da kayan wanki, ba za su dawo ba sai daren Lahadi. Manyan garin kuma da yawansu a Burusel ko Namur suke aiki, jirgin safe ya kai su, na yamma ya maido su, su rufe ƙofa. Ran Lahadi yawancin shaguna a rufe suke. Mutumin da ya saba da fada a ƙofar gida har tsakar dare zai leƙa titi ya ga babu kowa, ya fara tunanin ko ƙinsa ake yi. Ba haka ba ne. Mutanen Waloni, wato yankin da Gembloux yake, suna da sauƙin kai, suna amsa gaisuwa, sai dai ziyara sai da alƙawari, kuma bayan ƙarfe goma na dare ba a son hayaniya. Murya mai ƙarfi a waya da dare, musamman in ana hira da ƴan gida a WhatsApp, ita ce ke fara haɗa mu da maƙwabta.

Don haka mutanenku na Asabar da Lahadi su ne sauran baƙi: ƴan Benin, Burkina, Kongo, Kamaru, Maroko, Biyetnam. Ku neme su tun makon farko na Satumba ko Oktoba, kafin sanyi ya kori kowa ɗaki. Su ne suka san wa zai bar ɗakinsa, wa ke sayar da keke, ina ake taruwa sallar Juma'a. Shagulgulan ɗaliban garin kuwa, irin tseren baro da suke yi kowace shekara, giya ce ke tafiyar da su. Kana iya zuwa ka yi kallo da lemo a hannu, babu mai tilasta maka. Nawa ganin, zuwa sau ɗaya ya fi ƙauracewa gaba ɗaya, don a can ake sanin waɗanda za ka yi aikin rukuni da su.

Takardu ba su da wuya in an bi su da wuri. Cikin kwana 8 da isowa ku je ofishin magajin gari ku yi rajista. Bayan haka ɗan sandan unguwa zai zo ya tabbatar kuna zaune a adireshin, saboda haka ku liƙa sunanku a akwatin wasiƙa da jikin ƙararrawa, in ba haka ba ya juya, katin zama ya makara. Sai rajistar inshorar lafiya da buɗe asusun banki. Shara ma da dokarta: roba da gwangwani jakarsu shuɗiya ce, takarda daban, kwalba daban, kuma kowanne da ranarsa.

Abin da ya ceci Gembloux shi ne jirgin ƙasa. Namur ba ta kai tafiyar minti 20 ba, Burusel ƙasa da awa ɗaya. A Namur akwai masallatai da mahauta masu naman halal. A Burusel, unguwar Matonge tana da kuɓewa da busasshen kifi da manja, kasuwar tashar Midi kuma tana ci safiyar Lahadi. Duk da haka ku taho da kuka da yaji da daddawa daga gida, amma ban da kilishi, don dokar Turai ta hana shigo da nama a kaya. Ku daina kuma lissafa kowane yuro a kan sefa 656, in ba so kuke ku kasa sayen burodi ba. Kuɗin da bai kamata a yi wa ƙyashi ba shi ne na rigar ruwa da takalmin da ba ya jiƙewa.

In kun samu rana mai haske, ku je Chastre, tasha kaɗan daga garin ta wajen Burusel. Akwai maƙabartar sojojin Faransa da suka mutu a yaƙin watan Mayu na 1940, cikinsu da Musulmi ƴan Maroko da Aljeriya masu yawa, kaburburansu a jere da rubutun Larabci. Ana shiga kyauta, kuma daga Gembloux ko a keke ana zuwa.