Yadda Ake Tallafa wa Wanda Ya Tsira Daga Tashin Hankali Ba Tare da An Fama Masa Ciwo Ba

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, mutane fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu a arewa maso gabashin Nijeriya, sannan hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato suka tarwatsa ƙauyuka, har dubban iyalai suka tsallaka jihar Maraɗi a 2019. Abinci da tabarma da bargo sukan isa ga waɗannan bayin Allah, ko da ba su wadatar ba. Abin da ba ya cika isa gare su shi ne kulawa da zuciyar da ta ga kisa ko ta kwana a daji hannun masu garkuwa, kuma wannan aiki yakan faɗa ne kan unguwarzoma da malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramin asibiti da maƙwabci.

Mai taimako ya fara da kunne. Ba kasafai mutumin karkara zai ce yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa ba, domin a wurinsa wannan magana na nufin hauka, hauka kuwa abin kunya ne da kan hana 'ya'yan gida aure. Abin da zai ce shi ne kansa na ciwo, gabansa na faɗuwa, barci ya ƙaurace masa, ko tunani ya yi masa yawa. Mace za ta ce tana firgita idan ta ji ƙarar babur. A karɓi waɗannan kalmomi yadda suka zo, a yi amfani da su wajen amsawa, a kuma bayyana cewa haka jiki yake yi bayan babbar razana, ba alamar taɓin hankali ba ce. Harshe ma abin lura ne: Hausa na iya isa a kasuwa, amma tsohuwa Babarbariya ko Bafulatana ba za ta iya fitar da abin da ke ranta ba sai da harshen da ta sha a nono. Idan za a nemi tafinta, kada ya zama ɗanta, surukinta ko wani ɗan unguwarsu.

Kada a matsa wa kowa ya ba da labarin abin da ya same shi. Jagoran agajin farko na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya tsaya kan abu uku, wato dubawa, saurare da haɗa mutum da inda zai sami taimako, kuma ya hana tilasta wa mutum maimaita abin da ya gani. A gaisa cikakkiyar gaisuwa, a tambayi yara da kwanan gida, a zauna inda ba idon jama'a. Mace ta zauna da mace, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma kunya ba za ta bar wadda aka yi wa fyaɗe ta buɗe baki gaban namiji ba. Shirunta ba ƙin magana ba ne, a bar ta ta kai inda take iya kaiwa.

Batun addini shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Yawancin mutanenmu wurin limami ko fasto suke fara kai kukansu, wasu kuma su ɗauka iska ce ta taɓa su, su nemi ruƙiya ko rubutun sha. Mai taimakon da ya raina wannan ya rufe wa kansa ƙofa. Gara ya nemi malamin, su fahimci juna, addu'a ta tafi tare da asibiti. Sai dai akwai inda nake ganin muna cutar da mutane da kyakkyawar niyya, shi ne yadda muke gaggawar cewa "yi haƙuri, ƙaddara ce" tun mutum bai gama numfasawa ba, har ya ji kamar kukansa raunin imani ne. Alhali Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah kuma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Malamin da ya tuna wa mai makoki wannan ya sauke masa nauyi babba. Abin da ba za a lamunta ba shi ne duka, ɗauri da mari, ko hana shan magani da sunan fitar da aljani.

Matan da suka dawo daga hannun mayaƙa, musamman masu goyo, sukan tarar da ƙyama a gida, har a wasu wurare a Borno an riƙa kiransu annoba. A nan hira da mace ita kaɗai ba ta isa. Dole a zauna da mijinta ko iyayenta, da bulama ko mai unguwa, da malamar Islamiyya, bayan an nemi yardarta kan abin da za a faɗa da wanda za a rufe. A mayar da ita cikin adashi da taron suna, a sa ɗanta makaranta tare da sauran yara, a sama mata jarin ɗinkin hula ko suyar ƙosai, domin wadda ba ta san abin da 'ya'yanta za su ci gobe ba, hankalinta ba zai kwanta ba.

Akwai halin da ya fi ƙarfin maƙwabci. Wanda yake maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko yake jin muryoyi, ko ya faɗa shan ƙwaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware a jihar Sakkwato da Dawanau a Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kare mutuncin majinyaci da sirrinsa. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa a garzaya da ita asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki, kuma a nemi ma'aikaciya mace ta duba ta.