Gyaran tof silinda na Peugeot 504: kada ka ɗaga shi tsaye

Tun ina yaron gareji a Kaduna, lokacin da kamfanin Fijo da aka buɗe a Kakuri a 1975 yake fitar da 504 sabuwa fil, maigidana ya koya mini abin da har yau nake maimaita wa yarana: tof silindan Fijo, wato murfin saman inji, ba a finciko shi sama. Dalilin na nan tafe, amma mu fara daga farko.

Ka tabbatar ciwon daga tof ɗin yake. Ruwan lagireto yana raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, salansa tana fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ka buɗe lagireto inji na aiki ka ga kumfa na tasowa. Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, sai kwancewa.

Bar motar ta kwana ta huce sarai. Jikin injin baƙin ƙarfe ne, tof ɗin kuwa alminiyam, kuma idan ka kwance shi da zafi da hannunka za ka lanƙwasa shi. Cire kan batir, zubar da ruwa, cire kafireto da bakin salansa da wayoyin fulogi. Notikan tof guda goma ne. Sassauta su kaɗan-kaɗan, daga gefe kana shigowa tsakiya. Sandunan da ke tura bawul guda takwas, ka soke su a jikin kwali bi da bi, domin kowacce ta koma raminta.

To, ga inda ake ɓarnar. Fistin ɗin 504 ba a cikin jikin inji kai tsaye yake gudu ba, a cikin silibi yake, wato bututun ƙarfe, silibin kuma a zaune kawai yake, ruwa na kewaye da shi, da siririn fakin mai hana ruwa yoyo a gindinsa. Tof ɗin ne ke danne shi. Tsohon gasket yakan manne wa bakin silibi, don haka idan ka ɗaga tsaye sai silibi ya biyo, fakin ɗin gindi ya motsa. Ka gama aiki tsaf, bayan sati mai mota ya dawo da ruwa a cikin baƙin mai. Na taɓa yin haka da motar wani Alhaji, sai da na sauke inji gaba ɗaya da kuɗin aljihuna. Abin yi shi ne ka zura ƙarfe biyu a ramin noti, ka rinƙa jijjiga tof ɗin gefe da gefe har gasket ya saki, sannan ka ɗauke. Nan take ka danne silibai da manyan wosha da noti. Kafin ka danne su, kada kowa ya juya karanshaf, ko da wasa.

Wanke tof ɗin da kalanzir, ka kankare ragowar gasket da abin da ba zai ƙarce alminiyam ba. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa, a tsaye da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ka gwada da fila-geji, siraran ƙarafan auna rata. Ni idan na milimita 0.05 ya shige, wajen masu injin sassaƙa nake kai shi. Ka ce musu su ci kaɗan, iyakar abin da zai daidaita. Motar da ta haura shekara arba'in, da wuya ba a taɓa sassaƙe tof ɗinta ba, kuma idan ya yi siriri da yawa inji zai rinƙa ƙwanƙwasa.

Tsagewa takan ɓoye tsakanin mazaunin bawul biyu ko kusa da ramin fulogi, wani lokaci ido ba ya ganinta. A toshe hanyoyin ruwa, a hura iska, a tsoma shi cikin ruwan zafi; inda kumfa ta fito nan ne. Ƙaramar tsagewa da bakin hanyar ruwa da ya zaizaye, mai waldar agon da ya san aikinsa zai cike su. Idan ta ratsa mazaunin bawul ta yi zurfi, ni dai gara in shiga kasuwar Panteka in nemo wani tof ɗin. Gam ɗin da ake shafawa kuwa, kada ma a kawo mini zancensa.

Goge bawul a mazauninsu, ka canja robobinsu, ka kife tof ɗin ka zuba kalanzir ka ga ko zai tsiyaye. Share ramukan noti, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana hana ɗauri kamawa. Sa sabon gasket, ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo bisa lambar da ke littafin motar. Setin bawul da sanyi: na shiga milimita 0.10, na fita milimita 0.25.

Kafin ka miƙa makulli, nemo abin da ya jawo zafin tun farko: lagireto da ya toshe, famfon ruwa, ko fanbel da ya saki. Ka gaya wa mai ita ya daina ɗura mata ruwan rijiya mai gishiri, kuma ya dawo bayan kilomita 1,000 a sake duba ɗaurin da setin bawul.